Tambaya: ya ake jirgin koyo ya faɗi wajen sauka alhali malami na zaune a ciki?

Aminu Hausare, Garwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar jirgin sama, musamman ƙananan nan masu farfela ɗaya da ake koyon tuƙi da su. Ƙanena ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana, kuma shi tun yana yaro ba shi da zance sai na jirgi, yanzu ya dage shi fa sai makarantar tuƙin jirgi, ko Zariya ko wata ƙasar. Mun fara maganar haɗa kuɗi ni da kawunmu kenan sai ga wani bidiyo ya shigo gurup ɗin gidanmu na WhatsApp, wani ƙaramin jirgin koyo ne a wata ƙasa ya zo sauka, rana tsaka, ba hadari ba ruwa ba komai, ga titin nan a gabansa, sai kawai ya karkata gefe ɗaya ya kifa hanci ƙasa, ɗalibin da malaminsa duka Allah ya yi musu rasuwa. Tun daga nan Inna ta ce ba da yawunta ba, ko zancen ba ta son a ɗauko mata.

Ni abin da ya ɗaure min kai shine, a oto-ekol, makarantar koyon tuƙin mota, malami yana da nasa birkin, kana yin shirme zai taka mota ta tsaya. An ce min jirgin koyo ma sitiyari biyu gare shi. To me ke hana malamin ƙwacewa? Inji ne ke mutuwa musu, ko iska ce, ko sakaci ne kawai? Dan Allah gaskiya nake so ba lallashi ba, saboda in na tsaya wa yaron nan a gaban Inna ina so in san abin da na tsaya a kai.

Tsohon matuƙi, Njamena:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya ba iyayensu haƙuri. Na daɗe ina tuƙa ƙananan jirage a ƙasar nan, na kuma koyar, to bari in faɗa maka yadda abin yake daga kujerar dama, wato kujerar malami.

Gaskiya ne sitiyari biyu ne, feda ma, wato abin takawa da ke juya hancin jirgi hagu ko dama, kowa da nasa, amma a haɗe suke, in ɗalibi ya ja nawa ma ya jawu, babu wani maɓalli da zan danna in kashe nasa. Sannan jirgi ba shi da tsayawa. Abin da ke riƙe shi a sama iskar da ke bi ta kan fuffuke ce, in gudu ya yi ƙasa sosai ko aka ɗaga hanci har kusurwar da iska ke dukan fuffuke ta wuce wajen digiri 15 zuwa 18, sai iskar ta rabu da bayan fuffuken, ya daina ɗauka, jirgi ya faɗo ko da inji lafiyarsa lau. Matuƙanmu na nan dekoroshaj suke ce masa. To sauka ita ce lokacin da mu da kanmu muke rage gudu mu matso kusa da wannan iyakar, kuma a daidai lokacin muna dab da ƙasa. Nan matsalar take.

Ɗauki Cessna 172, wanda kusan ko'ina a duniya da shi ake koyo, tun 1956 ake ƙera shi. In ka sauke filaf duka, wato ɓangaren bayan fuffuke da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali, kana tafe kai tsaye, fuffuke na daina ɗauka a wajen kilomita 90 a awa, mu kuma muna shigowa sauka da wajen 120, kaga akwai tazara. Amma da zarar ka kwantar da jirgi gefe don juyawa kana kuma jan sitiyari don kar ya nutse, iyakar nan hawa take yi. A kwanciyar digiri 45 ta kai wajen 105, a digiri 60 ta wuce 125, wato gudun da yake lafiya lau daƙiƙa biyu da suka wuce yanzu ya gaza, alhali allurar gudu ba ta motsa ba.

Abin da ka ba da labari a bidiyon nan, karkata gefe ɗaya sannan hanci ƙasa, ya yi kama da abin da muka fi tsoro, wato juyin ƙarshe kafin a miƙe wa titi. Ana zagayen fili a tsayin kamar mita 300, juyin ƙarshe kuwa ana yinsa a wajen mita 150. Sai ka ga iska na tura yaro ta baya bai lura ba, ya makara wajen juyawa, ya wuce layin titin. An riga an gaya masa kar ya kwantar da jirgi da yawa kusa da ƙasa, to yana tsoron kwantarwa, kuma yana jin kunyar malam ya ga ya wuce, sai ya sa ƙafa ya danna feda don ya jawo hancin da ƙarfi. Yana dannawa fuffuken ciki ya rage gudu ya fara sunkuyawa, sai ya murɗa sitiyari ɗaya gefen don ya tare shi, hanci ya yi ƙasa, sai ya ja baya. Ƙafa na cewa hagu, hannu na cewa dama, ga ja. A haka fuffuken ciki shi ke fara sakewa, jirgin ya wuntsila ta wannan gefen ya fara juyi hanci ƙasa, gilashin gaba duk ya cika da ƙasa. Duk ɗan adam a wannan lokacin ja zai yi, kuma jan ne ke ƙarasa shi. Maganin shine ka tura sitiyari gaba, ka nufi ƙasar da kake gudu, ka taka feda na ɗaya gefen, abin da zuciya ba ta yarda da shi sai an horar da ita sosai. Ko ka yi daidai ɗin ma kana buƙatar kamar mita 300 ko fiye kafin jirgi ya dawo hannunka, kai kuma 150 gare ka. Shi ya sa idan ya riga ya wuntsila a nan, ko wane ne malamin ya makara. Ceton yana can baya, daƙiƙa biyar ko goma kafin nan, lokacin da ya kamata a ce a fasa saukar a sake zagayowa.

To me ya sa malami bai fasa ba? Nan ne wahalar aikinmu, kuma wanda bai zauna a kujerar ba da wuya ya gane. Aikin malami shine ya bar ɗalibi ya yi kuskure. In duk ɗan motsin da ya yi ba daidai ba na karɓe, har abada ba zai iya sauka shi kaɗai ba, kuma ranar na zuwa da zan fita in bar shi, galibi bayan awa 10 zuwa 20 na koyo. Dole in bar shi ya ga kuskurensa ya gyara da kansa, amma in na bar shi ya ɗan wuce ƙima mu biyu ne a ciki. Kowace sauka sai ka auna wannan, kuma jirgin koyo a awa ɗaya yana iya taɓa ƙasa ya sake tashi sau takwas zuwa goma, abin da babban jirgin fasinja bai cika yi a yini ba.

Ni zamana a kusa da ƙasa shine hannun dama a buɗe dab da sitiyari ban taɓa ba, na hagu kusa da abin ba da wuta, tafin ƙafa a kan feda ina jin abin da yaron ke yi. Ta ƙafa nake fara sanin ya rikice kafin allura ta nuna. Akwai wani ɗalibi da na taɓa yi, ƙaton saurayi mai ƙarfi, natsattse kuwa, muna dab da titi iska ta ɗaga mana fuffuke ɗaya sai ya sandare, hannu biyu ya damƙe sitiyari ya jawo shi ƙirji, idonsa a buɗe amma ba ya nan, ƙahon gargaɗi na ta kuka. Na ce jirgi na hannuna bai ji ba, na kira sunansa da tsawa bai ji ba, sai da na kai masa duka a dantse da gefen hannu sannan ya saki, na tura hanci na ba da wuta duka muka wuce. Bayan mun sauka ya rantse min bai ji na yi magana ba ko sau ɗaya, kuma na yarda da shi. Tsoro na toshe kunne.

Shi ya sa miƙa jirgi ke da ƙa'ida, sau uku ake faɗa: jirgi na hannunka, ya ce jirgi na hannuna, in sake cewa jirgi na hannunka. An sha samun haɗarin da kowa na zaton ɗayan ne ke tuƙi, ko kuma duka biyun na tuƙi kowa na ja nasa gefen. Kuma abin da zai ba ka mamaki, ba sabon ɗalibi ne ya fi ba ni tsoro ba, shi ai a shirye nake da shi. Wanda ya iya ne, wanda ya yi sauka bakwai masu kyau a jere, ka sake jiki ka ɗora hannu a cinya, ga zafin rana cikin jirgin ba sanyaya, ga gajiya, ga rediyo na magana, a ta takwas ɗin abin ke zuwa.

Makaniki, Farsha:

Baba matuƙi ya gama magana wlh, ni dai zan ƙara ta ɓangarenmu na masu sifana. Jama'a da sun ji jirgi ya faɗi sai su ce inji ne, amma a irin wannan haɗarin na sauka sau da yawa in an buɗe injin sai a tarar ba abin da ya same shi. Ƙananan jiragen nan ba su da baƙin akwati irin na manya, masu bincike tarkacen suke karantawa. Farfela na faɗin gaskiya, yadda bakinta ya lanƙwashe da saran da ta yi a ƙasa na nuna ko inji na da wuta lokacin da ya bugi ƙasa. In tarkacen na tare wuri ɗaya babu dogon sawu, to daga sama ya faɗo yana juyi, ba wai ya nemi sauka ya kasa ba. Suna duba inda filaf ya tsaya da inda aka bar tirim, wato abin da ake saitawa ya riƙe hancin jirgi sama ko ƙasa ba sai ana ta jan sitiyari ba.

Amma akwai namu laifin da ke iya fara rikicin. Na ɗaya ruwa a cikin mai. Man waɗannan jiragen avgas ne 100LL, shuɗi ne, ba kananzir ɗin manyan jirage ba. Kullum kafin tashi ana tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane fuffuke a wani ɗan kofi mai haske a ɗaga shi a rana, in akwai ruwa za ka ga ya kwanta a gindin kofin kamar ƙwallo fari a ƙarƙashin shuɗin. A wurarenmu da ake ajiye mai a duro a daji, da damina, na sha tsiyayowa in ga ruwa har sai na zubar na sake na sake kafin ya fito tas. Ɗalibin da aka koya wa ya yi wannan da gaggawa don malam na jira, an cuce shi.

Na biyu ƙanƙara a kabureta, kuma na san wani zai yi dariya ya ce ƙanƙara a Chadi. Eh tana yi. Mai in yana zama tururi a maƙogwaron kabureta wurin na yin sanyi sosai, in iska na da laima kamar watan Agusta ko a digiri 30 ƙanƙara na iya taruwa ta shaƙe shi, kuma ta fi yi lokacin da aka rage wuta, wato lokacin sauka. Malami na rage wuta gaba ɗaya don ya gwada ɗalibi yadda zai yi in inji ya mutu, su yi ta gangarowa, in an manta ba a jawo abin ɗumama kabureta ba, sai an zo ƙasa a ce to ba da wuta mu tashi, inji ya yi tari ya ƙi amsawa, gwaji ya zama gaske. Sababbin 172 da aka ƙera daga 1996 ba su da kabureta, amma tsofaffin na nan da yawa suna aiki.

Na uku kujera. Kujerun Cessna a kan dogo suke tafiya, in fil ɗin bai shiga raminsa da kyau ba ko ramin ya cinye, ana ba da wuta hanci ya ɗaga sai kujera ta zame baya da mutum, shi kuma abin da ke hannunsa zai riƙe, sitiyari, ya jawo shi gaba ɗaya. Wannan sananne ne har akwai umarnin duba dogon a kai a kai. Jirgin da ake koyo da shi ana masa babban dubawa duk awa 100, injin Lycoming ɗinsa kuma ana sauke shi a yi masa gyaran gaba ɗaya a wajen awa 2000. Duk makarantar da ta ƙi nuna maka littafin jirgi ka kama gabanka.

Ɗan Kusuri:

Ni fa ina ganin duk wannan dogon bayani ne kawai, kwana in ya ƙare ya ƙare. Mutum nawa ke mutuwa a hanyar Garwa zuwa Ngaundere a gangaren falez ɗin nan, an daina shiga mota? Ku bar yaro ya je ya nemi abincinsa, Allah ya tsare.

Malama Hauwa, Marwa:

Ɗan Kusuri babu wanda ya musa ƙaddara, amma Aminu sababi ya tambaya, kuma sanin sababi ba ya rage wa mutum imani. Sannan dan Allah kar a mayar da tsoron mahaifiyarsu kamar rashin wayewa, ita ta haife shi, kuma abin da ta gani da idonta gaskiya ne mutum biyu sun mutu. Aminu kar ku je mata da musu, ku je mata da bayani.

Baba matuƙi ina da tambaya ni ma. Na ji an ce yawancin malaman makarantun nan yara ne da suka gama jiya jiya, suna koyarwa ne don su tara awoyi su samu shiga babban kamfani. In haka ne ashe yaro ne ke koya wa yaro, ya za a yi uwa ta kwantar da hankalinta?

Mai duba yanayi, Ngaundere:

Salam. Ni aikina duba yanayi ne, bari in ce wani abu kan maganar Aminu ta cewa rana tsaka ba hadari ba ruwa. Ɗan'uwa a ƙasarmu rana tsakan nan ita ce ba ta da kirki ga ƙaramin jirgi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fuffuke da farfela da inji duk ba sa samun abin kamawa yadda ya kamata. Lissafin da ake yi shine ma'aunin zafi a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa kamar digiri 2 duk ƙafa 1000, kuma duk digiri ɗaya da aka ɗara wannan ma'aunin kamar ka ɗaga filin ne da ƙafa 120. Filin Garwa tsayinsa wajen ƙafa 800 ne kawai, amma a watan Afrilu in zafi ya kai 42 jirgi ji yake kamar yana sama da ƙafa 4000. Mu nan Ngaundere da muke kan tudu sama da ƙafa 3600, ko a digiri 32 lissafin ya wuce ƙafa 6000. Abin da wannan ke nufi wajen sauka shine in ka fasa ka ba da wuta jirgi ba ya hawa da kuzarin da ka saba, mutum biyu ga tanki cike, sai ɗalibi ya ga itatuwan ƙarshen titi na matsowa ya ƙara ja, ya kai kansa inda Baba ya faɗa.

Sai guguwar rani, 'yar ƙaramar nan da ke tashi da ledoji da kara a fili da tsakar rana. In ta bi ta kan ƙura ka gan ta ka kauce, in ta bi ta kan kwalta ko ciyawa ba ka ganin komai sai dai ka ji fuffuke ɗaya ya ɗaga. Farkon damina kuma, Mayu da Yuni, hadari na tasowa daga gabas kuma iskarsa na riga shi isowa da nisa, sama tana nan garau a kan fili amma cikin minti kaɗan iska ta juya ta koma bayan jirgi ko ta gefe. 172 iskar gefen da aka gwada shi da ita wajen kilomita 28 a awa ce, ta gaban hadari kuwa tana ninka wannan ba wahala. Da hunturu kuma hazo ke cinye layin da sama ta haɗu da ƙasa, ɗalibin da aka koya wa ya auna hancin jirgi da wannan layin sai ya rasa abin aunawa, yana ɗaga hanci bai sani ba.

A filayen da manya da ƙanana ke haɗuwa kamar Njamena da Garwa akwai kuma iskar da babban jirgi ke bari a bayansa, murɗaɗɗiya ce daga bakin fikafikansa, tana iya kifar da ƙarami gaba ɗaya, shi ya sa ake jira minti biyu zuwa uku, kuma a sauka gaba da inda babban ya taɓa ƙasa. Ga shirwa da ungulu in akwai mahauta ko juji kusa da fili. Duk waɗannan ba su cika kayar da jirgi su kaɗai ba, abin da suke yi shine su rikita mutum a lokacin da ba shi da sarari. Makaranta mai hankali da sassafe take fitar da sababbin ɗalibai, kafin ƙarfe goma an gama.

Aminu Hausare, Garwa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wlh na karanta na sake karantawa. Baba in na fahimce ku kenan ba a cika samun dalili ɗaya ba, kuma babban abin shine a fasa sauka da wuri. To shi fasawar ba shi da haɗari ne? Kuma in za mu zaɓi makaranta me za mu tambaya, tunda mu ba mu san kan abin ba, kar su gan mu baƙi su yi mana daɗin baki.

Tsohon matuƙi, Njamena:

Fasawar ma aiki ce ɗana, ba a yinta da wasa. Lokacin sauka an riga an saita tirim hanci sama, filaf a sauke, to kana ba da wuta duka hanci zai yi tsalle sama da ƙarfi kuma farfela na jan jirgi hagu, dole ka danne sitiyari gaba da ƙarfin dantse ka taka fedar dama, ka ɗauke filaf kaɗan kaɗan ba gaba ɗaya ba, in ka ɗauke duka lokaci guda jirgi nutsewa zai yi. Akwai waɗanda suka rasu a nan, jirgi ya buga ƙasa ya yi tsalle, a ruɗe aka ba da wuta, hanci ya miƙe sama, ya karkata hagu ya faɗo daga tsayin da bai fi na dogon bene ba. Ko manya ba su tsira ba, ku na Kamaru ai kuna tuna Boeing 737 na Camair da ya faɗi a Duwala ranar 3 ga Disamba 1995, mutum 71 suka rasu, a wajen fasa sauka ne da inji ɗaya ya gaza jirgin ya kuɓuce musu. Amma duk da haka fasawar da aka yi da wuri, da sauran tsayi da sauran gudu, abu ne mai sauƙi. Wadda aka yi a makare ce ke kisa. Ni ɗalibin da ya ce min malam ban gamsu da wannan ba zan sake zagayowa, ko da saukar za ta yiwu, yabonsa nake yi, don na fi son wannan halin fiye da gwaninta.

Malama Hauwa abin da kika ji gaskiya ne. Lasin na farko awa 40 zuwa 45 ne, na sana'a wajen 200 zuwa 250 gwargwadon ƙasa, babban lasin na kaftin ɗin jirgin fasinja kuwa awa 1500, to tazarar nan da yawa da koyarwa suke cike ta. Ba na cewa ƙaramin malami ba shi da kyau, wasu hannunsu ya fi na tsofaffi kaifi kuma dokoki na nan sabo a kansu. Abin da ba su da shi shine ba su ga kurakurai iri iri ba tukuna, ba su san da wuri cewa wannan ɗan motsin ƙafar ga inda za shi ba, wani kuma yana jin nauyin karɓe jirgi daga ɗalibin da ya girme shi ko ɗan babban mutum. Shi ya sa abin dubawa shine wa ke saman su. Kuma don in yi adalci, ƙaramin jirgi bai kai babban jirgin fasinja aminci ba, wannan kar wanda ya ruɗe ku, amma a Amurka inda suke tara alƙaluma sosai tashin koyo da malami ya fi na masu jiragen kansu ƙarancin haɗarin mutuwa, saboda ana yinsa kusa da fili, da rana, cikin tsari.

In kun je makaranta kar ku tsaya a ofis da hotunan bango. Ku nemi takardar amincewar hukumar jiragen sama ta ƙasar, ku kuma tambayi CCAA ko ADAC, wato hukumomin jiragen sama na Kamaru da Chadi, tun kafin ya tafi yadda za a karɓi lasin ɗin in ya dawo gida. Ku ce a nuna muku babban malami, a gaya muku ko yana shiga jirgi da kansa ya gwada ƙananan malamai da ɗalibai kafin a bar yaro ya tashi shi kaɗai. Ku tambaya a rubuce wane ƙarfin iska da wane zafi ne suke dakatar da tashi, in suka ce ai malami ne ke gani, wannan ba amsa ba ce. Ku tambaya malami ɗaya awa nawa yake tashi a yini. Ku tambaya ko ana kai ɗalibi can sama sosai a sa shi ya saki fuffuke da gangan, a miƙe da kuma cikin juyi, har jikinsa ya saba da tura sitiyari gaba. Ku shiga garejin jirage ku ga ko akwai makaniki na dindindin, ku ga bel ɗin kafaɗa, ba na ƙugu kaɗai ba. Sannan ku ja ɗalibi ɗaya ko biyu gefe inda ba malami ku tambaye su in mutum ya fasa sauka faɗa ake masa ko a'a, da kuma ko an taɓa samun haɗari me aka canza bayansa. Dokar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, cewa ta yi binciken haɗari don hana na gaba ake yinsa ba don neman mai laifi ba, makarantar da ke ɓoye nata ba ta koyi komai ba.

Kuma kafin ku biya ko sefa ɗaya ku kai shi gwajin likitan matuƙa na aji ɗaya, ido da kunne da zuciya da sukari da gane launi. Na ga yaran da iyayensu suka sayar da shanu aka biya kuɗin shekara, sannan likita ya gano ba sa bambance ja da kore, kuɗin kuma bai dawo ba.